Garaɓasar kamfanonin mota da hukuncin bakaniken Gwale

Da zarar shekara ta doshi ƙarewa, ko kuma Sallah ta ƙarato, sai ka ji gidajen rediyo da shafukan jaridu sun cika da shelar kamfanonin da ke harhaɗa motoci da manyan dilolinsu. Wannan ya ce ya zaftare kashi kaza daga farashi, wancan ya ce duk wanda ya saya kafin ƙarshen wata zai samu inshorar shekara guda kyauta, wani kuma ya yi alkawarin juyen baƙin mai sau uku ba ko sisi, ko ya jefa sunan mai saye cikin ƙuri'ar da za a ci wata motar. Idan lokacin kasuwar baje koli ta duniya ya zo a titin gidan Zoo, a can ma za ka tarar da su, an goge motoci sai ƙyalli suke yi, samari sanye da riguna iri ɗaya suna raba takardu. Jama'a su taru su kewaye mota, su leƙa ciki, su tambayi farashi, su girgiza kai, sannan su wuce rumfar masu tukwane.

Ni dai ba na cikin masu cewa talla ɓarnar kuɗi ce, domin ko mai ƙosai ta san amfanin gyara. To amma gyara tana da iyakarta. Tana sa wanda ya riga ya miƙa kuɗinsa ya tafi yana murmushi, sai dai ba ta sa wanda babu ko kwabo a aljihunsa ya tsaya, ba ta kuma dawo da wanda ya ci jiya ya ji ƙosan bai soyu ba. Shi ya sa nake so mai karatu ya raba tambayoyi biyu da masu talla suke son cakuɗa mana su. Ta farko, shin garaɓasa tana ƙara yawan motocin da kamfani ya sayar a watan da aka yi ta? Ta biyu, shin tana ƙara masa kaso a kasuwa, wato idan an ƙirga motoci ɗari da aka saya baɗi da baɗin baɗaɗa, nasa za su fi na bana yawa? Amsar ta farko sau da yawa e ce. Ta biyun ce ke da wuya, kuma a kanta ne kamfani yake rayuwa ko ya mutu.

Bari mu fara da Amurka, domin a can aka raini wannan dabara, a can kuma aka fi gwada ta da maƙudan kuɗi. A 1975, lokacin da motoci suka jibge wa kamfanin Chrysler babu masu saye, sakamakon tsadar man da ta biyo bayan rikicin 1973, sai ya fito da tsarin mayar wa mai saye wani abu daga cikin kuɗinsa bayan an gama ciniki. Abokan hamayyarsa suka bi sahu, abin da aka fara da sunan maganin 'yan makonni ya zama al'ada. Bayan harin 11 ga Satumba, 2001, kamfanin General Motors, wanda a lokacin ya fi kowane kamfanin mota girma a duniya, ya shelanta bayar da mota bashi ba tare da kuɗin ruwa ba. A watan Oktoban shekarar aka yi cinikin da ƙasar ba ta taɓa ganin irinsa a wata guda ba. A watan Yunin 2005 ya sake fitowa da wata, ya ce kowa ya zo ya sayi mota a farashin da ake sayar wa ma'aikatan kamfanin. Cinikinsa ya yi tsalle da sama da kashi 40 cikin 100 a wannan wata, Ford da Chrysler suka kwaikwaya a watan Yuli, jaridu suka yi ta yabon basirar wanda ya kawo shawarar.

Sai dai rana ba ta ƙarya. Da aka rufe garaɓasar, cinikin General Motors na watan Oktoban 2005 ya faɗi da sama da kashi 20 cikin 100 idan an kwatanta da na Oktoban shekarar da ta gabace ta, kuma kamfanin ya rufe shekarar da asarar fiye da dala biliyan 10. Dalili kuwa a fili yake: akasarin waɗanda suka yi tururuwa a watan Yuni mutane ne da dama can suke da niyyar saye a Oktoba ko Disamba, rangwame ya janyo su da wuri. Kamfani ya ci cinikin gobe a yau, kuma ya ci shi da araha. Kasonsa a kasuwar Amurka, wanda yake kusan kashi 28 a 2001, ya sauko zuwa kimanin kashi 22 a 2008, shekarar da Toyota ya karɓe masa kambin duniya, sannan a ranar 1 ga Yunin 2009 ya shiga kotu neman kariya daga masu binsa bashi. Ba na cewa rangwame kaɗai ne ya durƙusar da shi, domin akwai nauyin fansho da na lafiyar ma'aikata, ga kuma karayar tattalin arzikin duniya ta 2008. Abin da nake cewa shi ne shekaru takwas na garaɓasa ba su tsayar da zubewar ba.

Akwai wani abin mamaki a labarin 2005 da ya kamata duk mai shirin sayen mota ya sani. Wasu malaman jami'a uku, Meghan Busse da Duncan Simester da Florian Zettelmeyer, sun bi diddigin takardun cinikin lokacin, suka gano cewa a nau'o'in motoci da dama, kuɗin da mutane suka biya a cikin garaɓasar ya haura wanda aka biya 'yan makonni kafin ta, saboda an janye wasu rangwamen da ake yi a da. Duk da haka mutane suka yi ta rububi. Ashe shelar ce ta yi aiki, ba sauƙin ba. Haka ma shirin da gwamnatin Amurka ta yi a 2009 na biyan mutum dala 3,500 zuwa 4,500 idan ya miƙa tsohuwar motarsa ya sayi sabuwa. An kashe kimanin dala biliyan 3, an sayar da motoci kusan 700,000, amma binciken Atif Mian da Amir Sufi ya nuna cewa cikin watanni goma da suka biyo baya ciniki ya ja baya har ya kusa cinye ƙarin da aka samu. Motar da aka fi saye a shirin kuwa Toyota Corolla ce.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan biri da gada, me ya haɗa Detroit da Gwale? Abin da ya haɗa su yana nan yana yawo a titin Aminu Kano da titin BUK kullum safiya. Motar nan ƙirar Pontiac Vibe, wadda magidanta da malaman makaranta da ƙananan 'yan kasuwa suka runguma a Kano, ta General Motors ce. An daina ƙera ta tun 2009, sunan Pontiac ma gaba ɗaya an binne shi a 2010. Babu kamfanin da ke tallar ta, babu mai ba da inshora kyauta a kanta, babu ƙuri'a, amma ga ta tana sayar da kanta a garin da masu ita ba su taɓa lissafawa da shi ba. Sirrin shi ne an ƙera ta ne a masana'antar haɗin gwiwa da Toyota a jihar Kalifoniya, 'yar uwar Toyota Matrix ce, injinta da giyarta na Toyota ne. Bakanike ya buɗe gabanta ya ga abin da ya sani, ya gaya wa mai gidansa, mai gidan ya gaya wa majalisarsu, shi ke nan magana ta ƙare.

A nan ne nake ganin masu tsara talla daga ofisoshin Legas ba su fahimci yadda ake sayen mota a cikin ganuwar Kano ba. Mutumin Sani Mainagge ko Gyaranya ko Dandago idan Allah ya hore masa, ba jarida yake buɗewa ba. Maganar takan fara ne a majalisa bayan sallar isha'i, inda kowa zai kawo labarin wadda ya taɓa riƙewa da irin wahalar da ta ba shi. Daga nan sai gareji. Ranar da za a je dubawa, bakanike ne a gaba, shi zai tayar da ita ya kasa kunne, ya leƙa ƙarƙashinta, ya shinshina baƙin mai, ya duba ko an taɓa buɗe injin, ya ƙwanƙwasa jikinta ya ji inda aka yi ciko. Idan ya ɗago ya ce, "Alhaji, wannan ba tamu ba ce, a bar ta," to ko dillali zai rantse da abin da zai kashe shi, ciniki ya mutu. Tambayoyin da mai saye yake yi kuwa ba sa wuce uku: yaya shan manta, akwai kayanta a Ƙofar Ruwa, kuma idan na tashi sayarwa za ta yi kuɗi? Ban taɓa jin wanda ya tambaya ko ana ba da kyautar wayar hannu ba.

Tambaya ta ukun ita ce ta fi muhimmanci, kuma ita ce rangwame yake yi wa illa kai tsaye. A wajen Bakano mota ba abin hawa ce kawai ba, ajiya ce, kamar yadda fili yake ajiya, kamar yadda sarƙar gwal take ajiya a wajen uwargida. Idan auren 'ya ya taso, ko jari ya karye, ko rashin lafiya ta zo, ita ake fara kaiwa bakin titi. Saboda haka yana son wadda za ta riƙe darajarta. To ka ɗauka mutum ya sayi sabuwar mota a watan Satumba da cikakken farashi, sai a Disamba kamfani ya zaftare miliyan biyu. A ranar, tasa da ke ajiye a ƙofar gida ta yi asarar miliyan biyu ba tare da ta motsa ba. Wannan mutum ba zai yi shiru ba, kuma majalisar da ta ji labarinsa ta koyi darasi biyu: kada ka sayi motar kamfanin nan sai an yi garaɓasa, ko ma dai kada ka saye ta sam. Wannan ba matsalar Kano kaɗai ba ce. Lokacin da kamfanin Tesla ya yi ta karya farashi a 2023, darajar motocinsa na hannu ta zube, har kamfanin hayar motoci na Hertz ya sanar a Janairun 2024 cewa zai rabu da motocin lantarki kimanin 20,000.

Idan muna neman misalin kamfanin da ya taɓa mallake kasuwar Arewa, ba sai mun tsallaka teku ba, Kaduna ta ishe mu. An yi wa Peugeot Automobile Nigeria rajista a 1972, masana'antarsa ta Kakuri ta fara aiki a 1975, daidai lokacin da kuɗin Udoji ya cika aljihun ma'aikata. Gwamnatin soja ta Janar Obasanjo, a ƙarƙashin manufarta ta rage almubazzaranci, ta mayar da 504 motar jami'an gwamnati, ma'aikata kuma suna samun bashin sayen mota daga wuraren aikinsu. Fijo ta zama motar gwamna, ta zama ta alƙali, ta zama ta haya daga Kano zuwa Maiduguri, a-kori-kurarta kuma ta zama jakin kasuwannin ƙauye. Faransa ta daina ƙera 504 ƙirar salun tun 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har cikin shekarun 2000. Me ya riƙe ta haka? Ƙafarta ta dace da hanyoyinmu, kayanta suna ko'ina, kuma duk garin da ka lalace, ko ƙauye ne, akwai yaron da zai kwance kafiretarta ya mayar ido rufe.

Abin da ya karɓe wa Fijo kasuwa ma ba garaɓasar wani ba ce. Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, kayan da ake shigo da su daga Faransa don harhaɗawa suka yi tsada, albashi ya kasa bin farashi. Sai ƙofar Kwatano ta buɗe, motocin hannu daga Turai da Amurka suka yi ta kwararowa, wasu ta Seme, wasu su zagayo ta Nijar su faɗo ta Maraɗi, har kalmar Beljiyam ta zama sunan duk wani abin da aka yi amfani da shi a waje. A 2003 gwamnatin tarayya ta kawo tsarin mayar da alawus-alawus kuɗi, ta rage saya wa jami'anta motoci, babban mai sayen Kakuri ya ja baya. A 2006 aka sayar da mafi yawan hannun jarin kamfanin ga ASD Motors, a 2012 hukumar AMCON ta karɓe shi saboda bashi. Duk wanda ya wuce ta gaban masana'antar NTM da ke titin Zariya a nan Kano, wadda ta taɓa harhaɗa manyan motoci da taraktocin Fiat, ya san irin wannan labari ba Kaduna kaɗai ya shafa ba. Amma abin lura, shekaru bayan Kakuri ta yi sanyi, mutanen Arewa ba su saki 406 ba, sun ci gaba da nemanta ta hannu. Amanar da aka gina da kayan gyara da bakanike ta fi masana'antar kanta tsawon rai.

Kasuwar da talakan Gwale ya fi sani ita ce ta babur da A Daidaita Sahu, kuma darasinta ya fi fitowa fili. A farkon shekarun 2000 baburan Sin, musamman Jincheng, suka kori na Japan daga titunan Kano, ba don an yi ƙuri'a ba sai don farashinsu na kullum ya yi ƙasa ƙwarai. Daga baya Bajaj na Indiya ya zo ya ture su a wajen 'yan acaɓa, saboda ya fi jure lodi da ramuka, ga ƙarancin shan mai. Shi kansa Honda da ya ga an bar shi a baya, bai tsaya raba huluna da riguna ba, sai ya zauna ya ƙera babur na musamman mai sauƙin kuɗi, Ace CB125, ya fito da shi a Najeriya a 2011 a kan kimanin naira 100,000. Wato ya sauke farashin ne tun daga masana'anta, sauƙin da zai ɗore, ba na wata guda ba. Sannan a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin jiha ta hana acaɓa a cikin birni da kewaye. Da wannan umarni guda, kasuwa ta juya ga babur mai ƙafa uku, wanda gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta fara kawowa domin ɗaukar mata a ƙarƙashin shirin da ya ba shi sunansa. Babu tallar da ta taɓa sauya kaso a kasuwar ababen hawa ta Kano kamar yadda wannan sanarwa ta yi cikin 'yan watanni.

To ta yaya dubban matasan da ba su da jari suka mallaki waɗannan babura? Ta hanyar biya kaɗan-kaɗan. Mai hali ya saya ya ba yaro, yaro ya riƙa kawo balas kullum ko duk mako, har ya biya adadin da aka yanka, babur ya zama nasa. Tsarin yana da zaluncinsa, domin sau da yawa abin da ake ɗorawa a kan farashin asali ya yi yawa, kuma yaron da ya yi rashin lafiya na wata guda yana iya rasa babur da duk abin da ya biya. Amma ya nuna mana inda gizo ke saƙa. Matsalar mai saye a nan ba kashi biyar na saman farashi ba ce, matsalarsa ita ce ba shi da kashi casa'in da biyar ɗin da suka rage a dunƙule.

Mu yi lissafi a sauƙaƙe. Tun ƙarshen 2024 gwamnatin Kano ta amince da naira 71,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi, wato naira 852,000 a shekara. Mu ɗauka sabuwar ƙaramar mota naira miliyan 20 ce, kuma duk wanda ya taka ɗakin baje kolin motoci bayan faɗuwar naira ta 2023 da 2024 ya san na sassauta. Mai wannan albashi sai ya shekara 23 da ɗoriya bai ci ba bai sha ba kafin ya tara. Idan kamfani ya yi masa rangwamen kashi 5 cikin 100, ya rage masa shekara ɗaya da 'yan watanni. Ko wanda ya ninka wannan albashi sau biyar, rangwamen bai kawo shi kusa ba. Kenan garaɓasar sababbin motoci a ƙasar nan zance ne tsakanin kamfani da 'yan tsirarun masu saye, wato ma'aikatun gwamnati da bankuna da manyan kamfanoni da attajirai, waɗanda dama can za su saya, kuma dama can suna da bakin neman ragi a asirce. Sauran jama'a abokin cinikinsu dillalin bakin titi ne, abin da ke motsa farashinsa kuwa dala ce da kuɗin kwastan.

Kuɗin kwastan ɗin ma ba ya zama wuri ɗaya. A 2013 gwamnatin Jonathan ta fito da manufar bunƙasa ƙera motoci a gida, ta ɗora harajin da ya kai kashi 70 cikin 100 a kan motocin da aka shigo da su a haɗe. A farkon 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. Sai kuma dokar kuɗi ta 2020 ta sauke ƙarin harajin daga kashi 35 zuwa 5. Wanda ya zuba jari ya kafa masana'anta bisa alkawarin farko, ya wayi gari an janye masa tabarma. A irin wannan kasuwa, sa hannun minista guda ya fi garaɓasar shekara goma tasiri.

Kada a ɗauka ina nufin babu tallar da ke aiki. Akwai, kuma misalinta mafi kyau na kamfanin Hyundai ne na Koriya ta Kudu. A shekarun 1990 sunansa ya ɓaci a Amurka, ana yi wa motocinsa kallon masu saurin lalacewa, har cinikinsa ya sauko zuwa kimanin 90,000 a 1998. Maimakon ya ƙara karya farashi, sai ya ba da garantin shekara 10 ko mil 100,000 a kan inji da giya, ya kuma koma masana'anta ya gyara ingancin don kada garantin ya cinye shi. Zuwa shekarar 2000 cinikinsa ya haura 240,000. A Janairun 2009, ana tsakiyar korar ma'aikata, ya sake cewa duk wanda ya sayi motarsa bashi sannan ya rasa aikinsa cikin shekara guda, ya dawo da ita. A shekarar da kasuwar Amurka ta faɗi da kusan kashi 21 cikin 100, cinikin Hyundai ƙaruwa ya yi. Bambancin shi ne Hyundai ya tambayi kansa abin da mai saye yake tsoro, ya ɗauke masa wannan tsoron. General Motors kuwa ya tambayi kansa yadda zai kwashe motocin da suka cika masa fili.

Tsoron mai saye a Kano ba ɓoyayye ba ne. Yana tsoron ya sayi motar da idan fitilarta ta fashe sai an aika Legas ko Dubai, ta yi wata biyu a rufe da tamfol. Yana tsoron motar da kwamfutarta ba ta magana da na'urar kowane bakanike a garin, sai ta wakilin kamfani da ke Abuja. Yana tsoron ranar sayarwa. Kuma da yawa daga cikin masu halin biyan bashi a unguwanninmu ba za su kusanci bashin da ke da kuɗin ruwa ba komai ƙanƙantarsa, wannan kuwa ba abu ne da mai talla zai yi wa dariya ba, domin shi ya sa bankin Jaiz, da ya fara aiki a 2012, ya sa Kano cikin rassansa uku na farko. Kuɗin da kamfani yake kashewa a allunan talla da kyautar janareta, da zai juya su ya jibge kayan gyara a hannun 'yan kasuwar Ƙofar Ruwa a farashin sari, ya ɗebi makanikai ɗari daga garejojin Kabuga da Ɗorayi da Goron Dutse ya horar da su ya ba su na'urar gwaji, ya rubuta wa mai saye alkawarin cewa bayan shekara uku zai karɓi motar a kan kaso kaza na kuɗinta, sannan ya haɗa kai da bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa a sayar da ita ta hanyar murabaha, da ya ga abin da shelar rediyo ba ta taɓa kawo masa ba. Aikin ya fi wuya, ba ya kuma nuna sakamako a rahoton wata uku, shi ya sa manajojin da ake auna su da cinikin wata suke gudunsa.

Ga wanda Allah ya ba iko kuma ya riga ya yanke shawarar sayen sabuwa, shawarata ita ce ya jira garaɓasar ya ci moriyarta, babu laifi, kuɗinsa ne ya rage. Sai dai ya san farashin tun wata biyu kafin a fara shela, ya kuma tambaya ko motar ta bana ce ko ta bara ce ake son rabuwa da ita, sannan ya sa a rubuta masa inda za a yi juyen man da aka ce kyauta ne. Kyautar da sai ka tuƙa zuwa Abuja za ka karɓe ta, kuɗin man zuwa da dawowa ya cinye ta.

Dalilin da ya sa na ga wannan magana ta wuce ta 'yan kasuwa ita ce akwai dukiyar jama'a a ciki. Kamfanin Dangote Peugeot, wanda ya fara harhaɗa motoci a 2022 a sabuwar masana'antarsa da ke kan hanyar Kaduna zuwa Abuja, ya fara da ƙirar 301, haɗin gwiwa ne tsakanin Alhaji Aliko Ɗangote da kamfanin Stellantis da gwamnatocin jihohi, ciki har da ta Kano da ta Kaduna. A Disambar 2024 kuma hukumar ba da lamuni ta CREDICORP da hukumar kula da ƙera motoci ta ƙasa suka ƙaddamar da asusun naira biliyan 20 domin bai wa 'yan ƙasa bashin sayen motocin da aka harhaɗa a gida. Wannan hanya ce mai kyau, domin ta taɓa ainihin ciwon, amma idan aka raba kuɗin a kan motar miliyan 20, motoci dubu ɗaya ne kacal a ƙasar da ke da mutane sama da miliyan 200. Abin takaici kuma, 'yan Majalisar Tarayya da ya kamata su zama na farko wajen hawa abin da aka harhaɗa a Kaduna ko wanda Innoson yake ƙerawa a Nnewi, a 2023 manyan motocin ƙasashen waje suka saya wa kansu, duk da surutun da jama'a suka yi.

Don haka ina kira ga 'yan Majalisar Dokokin Jihar Kano, musamman mai wakiltar Gwale, da ma'aikatar ciniki ta jiha, da su riƙa neman bayani a kan jarin da jihar ta zuba. Idan aka kawo musu rahoto mai ɗauke da hotunan bikin ƙaddamarwa da adadin motocin da aka sayar a watan garaɓasa, kada su tsaya a nan. Su nemi a ware musu motocin da gwamnatoci suka saya daga waɗanda mutane suka saya da kuɗin aljihunsu, su nemi cinikin watanni shida da suka biyo bayan rufe rangwame, sannan su tura wani ma'aikaci Ƙofar Ruwa ya ƙirgo musu shaguna nawa ne za su iya miƙo masa fitilar gaban 301 a take.